Mariano Rivera a ƙananan gasannin besbol

Mariano Rivera tsohon mai jefa ƙwallo ne a wasan besbol, ɗan ƙasar Panama, an haife shi ranar 29 ga Nuwamba, 1969. Ya tashi a Puerto Caimito, ƙauyen masunta, yana bin mahaifinsa kamun kifi.

Ƙungiyar New York Yankees ta ɗauke shi a watan Fabrairun 1990, ta tura shi matakin 'yan koyo a jihar Florida, alhali ba ya jin Turanci. A zagaye 52 da ya yi jifa a waccan kaka, maki ɗaya tak aka ɗora masa laifinsa. Abin a jinjina masa ne. Ya koma Greensboro a 1991, sannan Fort Lauderdale a 1992, inda ciwon gwiwar hannu ya kai shi ga tiyata. Da ya murmure, sai ya haura matakai uku cikin 1994 kaɗai: Tampa, Albany-Colonie, da Columbus.

Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Yankees ranar 23 ga Mayu, 1995, amma aka mayar da shi Columbus a watan Yuni. A can ne saurin jifarsa ya ƙaru kwatsam, aka dawo da shi a Yuli. Ya yi ritaya a 2013.