Zalika Souley: matar da aka zaga saboda ta iya aikinta



Daga Maradi har Tibiri da Jiratawa, in aka kunna fim ɗin Kano, yaro ƙarami ma zai jero muku sunayen 'yan wasan. Amma mu tambayi kanmu: mu nawa munka san Zalika Souley?

An haife ta a Yamai a 1947. Tana da shekara 19 Moustapha Alassane ya sa ta cikin Le Retour d'un aventurier (1966), labarin wani saurayi da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, sunka hau dawaki suna tada hankalin gari. 'Ya mace da wando da bindiga bisa doki, a wancan zamani! Tun daga nan bakin mutane ya buɗe.

Sai Oumarou Ganda ya ɗauke ta: Cabascabo, Le Wazzou polygame, Saitane, L'Exilé. Shi Wazzou ɗin nan shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, Étalon de Yennenga, a Wagadugu a 1972. Ku lura da irin rawar da ake ba ta: karuwa, mai zafin kishi, mai cin amanar miji. Rawar da sauran mata ke gudu, ita ta ɗauka. In babu mugu a fim, wa zai ji tausayin na kirki?

Matsalar ita ce 'yan kallo ba su raba Zalika da matan da take fitowa a matsayinsu ba. An zage ta, an yi mata kallon 'yar iska, alhali aiki ne aka ba ta, ta kuma yi shi da kyau.

Ganda ya rasu a 1981, sinimar Nijar ta fara durƙushewa, ɗakunan kallo sunka yi ta rufewa. Daga baya matar da aka tafa wa a bukukuwan fim na duniya ta tafi ƙasar waje tana aikatau a gidajen mutane. Rahmatou Keïta ce ta tattara labarinta cikin fim ɗin Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes a 2005. Zalika ta rasu a Yamai ran 27 ga Yuli 2021. Allah ya jiƙanta da rahama.

Yau ma a garin nan muna da samari da 'yan mata masu wasan kwaikwayo a rediyo da tele. Wanda ya fito a boka ko wadda ta fito a muguwar uwar miji, da sun shiga kasuwa sai a bi su da habaici, wata ma har mai neman aurenta ya janye. Kada mu jira ranar ta'aziyya kafin mu yaba musu.

To, wane ɗan wasa ne kunka daɗe kuna jin haushinsa saboda rawar da ya taka? Ku rubuto mana a ƙasa.