Daga Teburin Hukuma Zuwa Rumfar Haya: Wa Ke Yanke Wa Littafin Hausa Hukunci?

A shekarar 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shelanta gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. East da kansa ya haɗa hannu da John Tafida suka rubuta Jiki Magayi. Abin lura shi ne alƙalin waɗannan littattafai ba mai karatu ba ne. Jami'in ilimi ne ya zaɓa, hukuma ta buga, makarantu suka saya, ɗalibi kuwa ya karanta abin da aka miƙa masa. Ra'ayina shi ne tarihin ƙagaggen labarin Hausa, in an bi shi a tsanake, tarihin yadda wannan alƙalanci ya suɓuce daga hannun hukuma ne ya koma hannun mai karatu, kuma mai karatun bai yanke mummunan hukunci ba kamar yadda aka daɗe ana zarginsa.

Tun a wancan zubi na farko ana iya ganin abin da ran Bahaushe ke so a labari. Ganɗoki ya fara da yaƙin Turawa, ya zarce ƙasar aljanu. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya yi ta gamo da abubuwan al'ajabi a hanyar neman ruwan magani. Jiki Magayi kuwa labarin soyayya ne tsagwaronsa: Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya sa dukiya ya ƙwace ta, ramuwar gayya ta biyo baya ta cinye har wanda bai ji ba bai gani ba. Ke nan soyayyar da kuɗi ke rabawa da labarin aljanu da jarumta ba baƙi ba ne da suka shigo daga baya, da su aka aza harsashin ginin. Haka ma aro daga waje. Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, Abubakar Imam ya ɗebo labaransa da dama daga Dare Dubu Da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Indiya, ya ɗinka musu rigar Hausa, kuma har gobe ana ɗaukarsa gwanin gwanaye.

Shekaru kusan hamsin aka yi a kan wannan tsari. Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, hukumar adabi ta NORLA ta yi aikinta a shekarun 1950, kamfanin buga littattafai na NNPC ya zo a 1966. An sami littattafai masu daraja irin su Iliya Ɗan Mai Ƙarfi da Tauraruwa Mai Wutsiya, amma jefi-jefi suke fitowa, kuma marubutan maza ne. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, bayan wata gasa ta NNPC, labarin Bafulatana Boɗaɗo da ta dage kan auren baƙon da danginta ba sa so. A daidai lokacin kuma ƙasa na haifar da sababbin masu karatu ba adadi. Shirin ilimin firamare kyauta ya fara a 1976, jihar Kano ta kafa hukumar yaƙi da jahilci a 1980 zamanin Abubakar Rimi, matan aure suka shiga ajin manya. Kafin waɗannan su gama ƙwarewa da haɗa baƙi, tattalin arziki ya karye, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa takarda ta yi tsada, manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta da ke da tabbacin ciniki. Ga masu karatu birjik, babu mai buga musu abin karantawa.

Wannan giɓi ne marubuta suka cike da aljihunsu. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980, Balaraba Ramat Yakubu ta zo da Budurwar Zuciya a 1987, sai Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka tattaro masu sha'awa. Ya kamata a dubi yadda sana'ar ke tafiya, domin a nan ikon mai karatu ya fito. Marubuci zai kai rubutunsa ƙaramar maɗaba'a, a buga a takarda mai arha, a maƙale da waya a tsakiya, ɗan littafi siriri da ke shigewa jakar makaranta. Labarin a raba shi kashi biyu ko uku, a tsaya daidai inda zuciya ke rawa. Dillalai a kasuwar Sabon Gari su sara, su tura Kaduna da Katsina da Gusau, har Maradi da Damagaram. Wanda ba shi da kuɗin saya ya je rumfar haya. Matar da ke kulle ta aiki yaro da 'yan kuɗi ya karɓo mata, ta karanta tsakanin girkin rana da la'asar, ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga, littafin ya dawo gefensa duk ya nannaɗe. Idan kashi na ɗaya bai karɓu ba, babu jarin buga na biyu. Babu edita, babu kwamiti. Kuɗin haya da wasiƙun da ke zuwa adireshin bayan bango su ne hukunci.

To, me wannan alƙali ya zaɓa? Ya zaɓi Sumayya ta In Da So Da Ƙauna, wadda ta faɗa rijiya don a daina tilasta mata auren mai kuɗi. Ya zaɓi Abu ta Wa Zai Auri Jahila?, wadda aka cire daga makaranta aka ba tsoho, ta gudu ta nemi ilimi har ta tsaya da ƙafafunta. Ya zaɓi Rabi ta Alhaki Kuykuyo Ne, wadda miji ya kora da 'ya'ya tara saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gida. Ya zaɓi matan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, masu boko da addini waɗanda ke neman mutunci a gidan miji. Samari kuma suka rungumi littattafan yaƙi da tsafi da aljanu, jikokin Ganɗoki na kai tsaye. Auren dole, kishi, saki barkatai, karatun 'ya mace, duk batutuwa ne da ake magana a kansu ƙasa-ƙasa a tsakar gida, waɗannan littattafai suka fito da su fili.

Masu suka ba su rasa hujja ba, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Ibrahim Malumfashi, wanda ya yaɗa laƙabin Adabin Kasuwar Kano, ya yi ta jayayya a jaridu da su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu, yana ganin yawancin littattafan ba su da ƙarko. Gaskiya ne da yawansu an karya ƙa'idar rubutu, an maimaita labari guda da sunaye dabam, wasu ma fim ɗin Indiya ne aka sauya wa gari. Amma duk adabin da ya yi yawa haka yake, tsaba kaɗan ƙaiƙayi tuli, kuma biyar ɗin shekarun 1930 da ake gwada su da su tatattu ne daga abin da aka aiko wa East. Adalci shi ne a gwada zaɓaɓɓu da zaɓaɓɓu. In an yi haka, Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012, ba zai sunkuyar da kai gaban Jiki Magayi ba. Zargin ɓata tarbiyya ya fi zafi, har ya kai ga ƙona littattafai a Kano a 2007 ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Akwai marubutan da suka wuce gona da iri, ba musu. Sai dai wanda ya karanta fitattun cikinsu ya san kusan kullum da aure suke ƙarewa, azzalumi na girbar abin da ya shuka, kuma hujjar yarinyar da ke ƙin auren dole daga shari'ar Musulunci ake ɗauko ta, inda aka ce a nemi yardarta.

Akwai kuma masu cewa soyayya ta hana mutane karatun ilimi. Wannan shi ne mafi raunin zarge-zargen. Rumfar da ke sayar da labarin soyayya ita ke sayar da fassarar Ahalari da Ishmawi da tarihin annabawa da littafin girke-girke, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ke sayen duka. Yarinyar da ta bar makaranta a aji shida, abin da ya hana karatunta dushewa shi ne tana da abin da take ɗokin karantawa.

Yau rumfar haya ta ja baya, ciniki ya koma waya. Marubuciya na sakin labari shafi-shafi a WhatsApp ko Wattpad, masu karatu na yi mata sharhi a daren, wani lokaci ta karkata labarin saboda ƙorafinsu, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta banki. Gasa ma ba ta mutu ba, domin BBC Hausa ta buɗe Hikayata ga mata a 2016. Abin da ke damuna shi ne adana. Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess sun tattara sunayen littattafai sama da 700 da suka fito tsakanin 1987 da 2002, aikin da aka buga a Jamus a 2004. Na takarda ke nan, waɗanda ko sun yage ana iya tsintar kwafi a wani akwati. Labarin da ya rayu a zauren WhatsApp kuwa, tare da dubban sharhin waɗanda suka karanta shi, yana iya tafiya ranar da wayar marubuciyar ta lalace.