Tun can jabu muke bugawa: tarihin wasan gem daga Famicom zuwa Raspberry Pi

Kalmar retro daga Latin take, ma'anarta “baya”. Bature in ya ce yana son wasan retro, nufinshi ya koma ga akwatin da ubanshi ya sayo mishi sabo fil a kwali. To mu ƴan Roumbou da Dakoro, wane baya za mu koma?

Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da Famicom ranar 15 ga Yuli 1983, ya kai ta Amurka a 1985 da sunan NES, shekarar da Super Mario Bros. ya fito. Amma wadda ta iso kasuwannin ƙasar Hausa galibi ba ita ba ce. Masana'antun Taiwan da Sin sun kwaikwayi cikinta, suka cika duniyar talakawa da kwafi: Micro Genius, PolyStation, da Dendy da ta mamaye Rasha daga 1992. A bayan kaset a rubuta wasa 9999, ka kunna ka tarar ƴan ƙalilan ne ake ta maimaitawa, tankokin yaƙi, harbin agwagwa, Mario. Ba abin mamaki ba ne. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada, ta asali kuwa sai ɗan alhaji. Hanyar da atamfa da batir ke bi, Kano, Katsina, Jibiya, Ɗan Isa, Maraɗi, ita gem ya biyo, kafin gwanjonshi ya hauro arewa.

PlayStation ta fito a 1994, ta biyu a 2000, su ma da faifan kwafi suka zauna a gidajen gem, inda yaro ke biyan ƴan daloli ya buga ƙwallo. Nan ne abin ya fi jan hankalina a matsayin ɗalibin harshe. Winning Eleven na kamfanin Konami da Japananci yake, mai sharhinshi Jon Kabira yana ta ihu da harshen da ba wanda ke ji, amma yara sun haddace wurin kowane zaɓi da ido, kamar mai bin hanyar daji da alamar itace. Maɓallan kuma suka ɗauki sunan Faransanci, har mai kusurwa huɗun nan ya zama “kare”. Ka ji ana “danna kare!”, baƙo ya waiwaya yana neman dabba.

Ranar 29 ga Fabrairu 2012 Eben Upton da abokan aikinshi a Cambridge ta Ingila suka fitar da Raspberry Pi, kwamfuta sukutum a kan allo ɗaya da bai wuce katin banki ba, dalar Amurka 35. Don koya wa yara rubuta manhaja aka yi ta, amma cikin shekarar aka fara RetroPie, mai sa ta kwaikwayi tsoffin akwatunan gem. Aikin ba wuya gare ta: Mario na farko kilobait 40 ne kacal, hoto guda na wayarka ya ninka shi sau da yawa. Abin dariya, a 2016 Nintendo da kanta ta fitar da NES Classic mai wasa 30, kuma cikinta ɗan allo ne mai Linux yana kwaikwayon tsohuwar. Mai asali ma ya shigo layin ƴan kwafi.

Don haka ban yarda da masu cewa allon nan “ba na gaske ba ne”. Shi ya fi kama da tarihinmu, ya kuma fi dacewa da wutarmu. A Agustan 2023 Nijeriya ta yanke wa Nijar lantarki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, sai Maris 2024 aka maido. Mai gidan gem da ba shi da janareto, ranar da babu wuta babu ciniki. Raspberry Pi kuwa bolt 5 take ci, irin na cajin waya, batir da ɗan faifan sola sun ishe ta ko a rumfar kasuwar Sakabal. Manhajar a buɗe take ga mai son fassara ta, sai dai a fara shawo kan haruffa masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, waɗanda babu su a rubutun tsoffin wasannin.