Yadda ake auna nisan wata da hasken lesa

Auna nisa da hasken lesa ya dogara ne a kan saurin haske, wanda ke tafiyar kilomita 299,792 a cikin sakan guda. Ana harba hasken zuwa ga abin da ake son sanin nisansa, a lissafa lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, a ninka shi da saurin haske, sannan a raba biyu saboda tafiyar zuwa da dawowa ce.

Mafi shaharar wannan aiki shi ne na duniyar wata. A watan Yulin 1969 'yan sama jannatin Amurka na kumbon Apollo 11, Neil Armstrong da Buzz Aldrin, suka ajiye wani faifai mai ƙananan madubai 100 a can. An ƙera madubin ne yadda duk hasken da ya faɗa musu zai koma ta inda ya fito. Apollo 14 da Apollo 15 sun ƙara nasu a 1971, haka kuma motocin Tarayyar Sobiyet biyu, Lunokhod 1 da Lunokhod 2, suna ɗauke da madubai ƙirar Faransa.

Hasken kan je ya dawo cikin kimanin sakan biyu da rabi, domin matsakaicin nisan wata kilomita 384,400 ne. Sai dai aikin yana da wuya matuƙa. Kafin hasken ya isa can ya riga ya bazu a faɗin kilomitoci, alhali faifan bai kai faɗin tabarma ba, don haka abin da ke dawowa ƙwayoyin haske ne 'yan ƙalilan. Duk da haka, cibiyar Apache Point da ke jihar New Mexico a Amurka tana auna nisan da kuskuren da bai wuce 'yan milimita ba.

Da wannan awo ne aka tabbatar cewa wata yana ƙara nisa da duniya da kimanin santimita 3.8 a kowace shekara, kusan yadda farcen mutum ke tsiro. Dalilinsa shi ne cika da janyewar ruwan teku da jan wata ke haddasawa, abin da kuma ke rage saurin juyawar duniya sannu a hankali.

Madubin ba su buƙatar lantarki, shi ya sa har yanzu suke aiki. Na Lunokhod 1 ma, wanda aka rasa takamaiman wurinsa tun 1971, an sake samun haske daga gare shi a 2010.