Ikon Alƙali Wajen Yanke Hukunci

Ikon alƙali shi ne sararin da doka ke bar masa ya auna hujja, ya zaɓi hukunci gwargwadon fahimtarsa. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Jihar Katsina ke bi, sararin ya danganta da irin laifin. Haddi an ƙayyade shi, alƙali ba ya ƙari ba ya ragi, sai dai shubuha tana kawar da shi. A ta'aziri kuwa hannunsa a sake yake, yana iya yin gargaɗi, ko tara, ko bulala, ko ɗauri. Sashe na 36(12) na tsarin mulkin 1999 ya taƙaita wannan, domin ba a hukunta mutum sai kan laifin da rubutacciyar doka ta ambata.

Shari'ar Amina Lawal, matar da aka tuhuma da zina, ta nuna nauyin lamarin. Kotun Bakori ta yanke mata rajamu a 2002, ta Funtuwa ta tabbatar. Ranar 25 ga Satumba 2003 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta rushe hukuncin, alƙalai huɗu suka rinjayi ɗaya, bisa dalilan da suka haɗa da haƙƙinta na janye iƙirarinta.