Tendai Mtawarira: Ginshiƙin da Aka Tambaya Takarda

Mu masu aikin rediyo muna da wani laifi: wanda ya ci ƙwallo shi muke kira, mu manta da wanda ya ɗauki nauyin. Shi ya sa yau nake so in ba ku tarihin Tendai Mtawarira, ɗan wasan zari-ruga da ake wa laƙabi da Beast, wato Dodo.

A wannan wasa akwai lokacin da 'yan wasa takwas-takwas ke sunkuyawa, su haɗa kafaɗu, su yi ta turereniya a kan ƙwallo. Mai lamba 1 yana sahun gaba ta hagu, shi ne ginshiƙi. Ƙarfin na bayansa da na abokan hamayya duk a wuyansa da gadon bayansa suke haɗuwa. Idan ya durƙushe, ƙungiya ta durƙushe. Wannan ne gurbin Tendai.

An haife shi a Harare ta Zimbabuwe a 1985. Yana saurayi ya tafi Durban, ya shiga ƙungiyar Sharks, inda aka ɗauke shi daga sahun baya aka mai da shi gaba, ya koyi aikin daga tushe. A 2008 ya fara buga wa Afirka ta Kudu. A 2009, da tawagar Lions ta Birtaniya da Ireland ta zo Durban, ya yi ta murƙushe Phil Vickery, gogaggen ɗan wasan Ingila, har aka fitar da shi.

Sai siyasa ta shigo. Dokar wasan a lokacin ta yarda wanda ya shekara 3 a ƙasa ya buga mata, amma wasu 'yan siyasa suka ce ba ɗan ƙasa ba ne, bai cancanci rigar ba. A 2010 aka ajiye shi, sai da ya samu takardar zama ɗan ƙasa a ƙarshen watan Yuni ya dawo. Duk wanda ya taɓa zama baƙo ya san zafin wannan: ana cin moriyar guminka, ranar da aka ga dama a ce ina takardarka.

Bai yi zuciya ba. Ko ciwon bugun zuciya da ya yi fama da shi bai tsayar da shi ba. Ya buga wa ƙasar wasa 117. Na ƙarshe shi ne na 2 ga Nuwamba 2019 a Yokohama ta Japan, wasan ƙarshe na Kofin Duniya, inda suka doke Ingila 32 da 12. Tun a turereniyar farkon wasa Ingila ta fara karyewa, kuma Tendai na cikin waɗanda suka karya ta.

Siya Kolisi ne ya ɗaga kofin, shi duniya ta gani. Bayan 'yan kwanaki Tendai ya yi ritaya daga buga wa ƙasar wasa. Ni kuwa tun daga lokacin, in na zo karanta sakamakon wasa, nakan tambayi kaina wa na bari ban ambata ba.