Ranar da Mataccen Kifi Ya "Yi Tunani"

Ka taɓa cin karo da hoton ƙwaƙwalwa mai ɗigon ja, an rubuta wai "masana sun gano gurbin soyayya"? Kafin ka tura wa wani, ka san tarihin irin wannan hoto.

A 1990 ne Seiji Ogawa, masani ɗan Japan da ke aiki a Amurka, ya nuna cewa na'urar MRI na iya bambance jini mai ɗauke da oksijin da wanda ya sauke shi. Sashen ƙwaƙwalwa da ke aiki yakan jawo ƙarin jini, to daga nan aka samu fMRI. Amma fa na'urar ba tunani take gani ba. Kasa ƙwaƙwalwa take yi gida-gida har dubbai, kwamfuta ta yi wa kowane gida lissafi. In gwaji ya kai dubbai, dole wasu su dace bisa katari kawai.

A 2009 Craig Bennett da abokan aikinsa suka nuna haɗarin hakan. Sun sa mataccen kifi a na'urar, suka nuna masa hotunan mutane. Da aka yi lissafi ba tare da tace katarin ba, sai ga ɗigo a ƙwaƙwalwar kifin!

A 2020 aka ba rukuni 70 na masana bayanai iri ɗaya, da tambayoyi 9. Ba a sami rukuni biyu da suka bi hanya ɗaya sak ba, amsoshinsu kuma suka saɓa a tambayoyi da dama. Ka ƙaddara buhun gero guda ne a kasuwar Dawanau, masu awo 70 suka auna, kowa da tasa tiyar. Sannan a 2022 binciken Scott Marek da abokansa ya nuna cewa danganta ƙirar ƙwaƙwalwa da halayyar mutum na buƙatar dubban mutane, alhali an saba yi da kamar 25.

Yanzu masana da yawa kan rubuta tsarin lissafinsu kafin su fara, su kuma saki bayanansu kowa ya sake aunawa.

Kada wannan ya hana ka zuwa hoto in likita ya tura ka: neman ƙari ko zubar jini a kai aiki ne daban. Amma in labarin "karanta tunani" ne, tambayi abu biyu: mutum nawa aka gwada, kuma wa ya sake gwadawa ya samu haka?